Baƙin Ruwan Wankin Hoto

Jiya da la'asar ɗaya daga cikin yaran gidan nan ta ɗaga wayarta a gabana ta ce, "Kaka, kallo nan." Kafin in gyara kallabina har ta juyo mini da ita, sai ga wata tsohuwa ba haƙori tana kallona daga cikin gilashi. Suka yi ta dariya, ni kuwa sai hawaye. Sun zaci munin da na yi ne ya sa ni kuka. Ba shi ba ne. Saurin abin ne ya tsorata ni. Ba ruwa, ba duhu, ba wari, ba wanda ya ƙona yatsunsa, hoto ya fito kamar an tofa yawu. Ke da kika iya rubutu, matso ta nan, kunnen dama ne mai ji. Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana da Faransancinku. In kin ga na tsaya ina kuka ki jira ni, zan dawo.

Unguwar Adjamé ta nan Abidjan da na zo na tarar ba wannan ba ce. Da amarci aka kawo ni daga ƙasar Adar, kwana da kwanaki a mota, sannan jirgin ƙasa, har na daina ƙirgawa. Gidajen na ƙasa ne da kwano, wasu na gora, kuma daga bayan gidanmu kana hango kurmi baƙi ƙirin, irin wanda ban taɓa gani a garinmu ba. Ni da na tashi inda ake hango mai tahowa tun yana nesa kamar ƙuda, sai ga ni inda itace ya rufe sama. Da safe kukan jirgi ne ke tashe mu, sai ƙarar taɓare daga kowane gida, sai matan Jula masu kiran kaya da harshen da ban sani ba. In ruwa ya sauko a kan kwanon ɗakinmu, ko kusa da mutum kake sai ka ɗaga murya. Aikina ɗebo ruwa a famfo, da wanke ganyen da ake naɗe goro, da koyon dakan ayaba, wanda ya sa hannuwana suka yi kanta. Uwar mijina, da muke kira Iya, goro take sayarwa a bakin kasuwa. Kowace safiya mukan zazzage kwando a tabarma mu tsince masu tsutsa, tana yi tana mita, "Ke dai idonki na ado ne. Wannan da kika bari, ba ki ga hujin ba?" Yanzu wurin da muke shimfiɗa tabarmar nan an ce mini bene ne hawa huɗu, ana sayar da wayoyi a ƙasansa.

Mazanmu na wancan lokaci sana'arsu shanu da nama da goro. Maigidana ne kaɗai ya fita daban. Ya yi karatun allo har ya kusa sauka, yana rubuta ajami mai kyau, amma da ya zo Abidjan sai ya faɗa hannun wani Basanagale mai ɗaukar hoto a Treichville, ya koyi aikin. Daga baya wata makarantar boko a can, lakwal muke cewa, ta ɗauke shi. Yaran da za su yi jarrabawa sai an manna hotonsu a takarda, kuma ƙarshen shekara akan jera kowane aji a ɗauke su. An ba shi wani ɗan ɗaki a bayan ofishin darakta, aka toshe tagarsa da katako da bargo. Nan yake wuni. Kullum da asuba yakan taka daga Adjamé, ya ratsa Filato, unguwar Turawa, ya haye ruwa, sai bayan magariba ya dawo. Iya ba ta taɓa son aikin ba. Takan ce, "Aikin da sai an rufe ƙofa an kashe fitila ake yin sa, ni ban yarda da shi ba." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Iya, ai ba a kashewa, ja ake sa mata."

Sau ɗaya ya nuna mini, farkon aurenmu, wata ranar Alhamis da ba a zuwa lakwal. Ya rataya bargo a ƙofar ɗakinmu, ya rufe fitila da jan gilashi, ya jera tasoshi uku. Ya ce na farko shi ke fito da hoto, na biyu ruwan tsami ne mai tsayar da na farkon, na uku kuma wani gishiri ne mai kafe hoton don kada haske ya cinye shi. Ya tsoma farar takarda, ba komai a jikinta, yana girgiza tasar a hankali. Sai na ga inuwa. Sai idanu. Sai kawunan yara a jere suna tasowa daga ƙasan ruwa, kamar waɗanda suka nitse aka zo tsamowa. Na yi salati na nufi ƙofa, ya riƙo zanena yana dariya, "Ke, in kika ɗaga bargon nan kin kashe mini aji guda." Na tsaya a nan har ya gama. Abin da nake so ki rubuta a nan shi ne wannan: ruwan da na gani ran nan duka fari ne kamar na famfo, kwalabensa da rubutun Turawa a jiki, kuma a cikin akwatin katako mai kwaɗo yake ajiye su. Abin da na sani ke nan game da ruwan hoto, ban san wani ba.

Allah ya ba mu 'ya mace. 'Yar fari ce, kin san yadda muke a da. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, ko goyo sai in ba kowa. Har yau bakina bai saba da sunan ba, kada ki tambaye ni. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Iya. Iya na ce mata "ƙawata", ita kuma tana ce mini Yaya, tunda haka ta ji yaran gida suna kirana. 'Yan matan yanzu suna rungume ɗan fari a tsakiyar titi suna sumbatarsa, ina kallo ta taga ina cewa, ku yi, ku yi da kyau. Ni sai dai in saci kallonta tana wasa da ɓawon kwakwa a tsakar gida, in ta juyo in ɗauke kai.

Tana da shekara uku yaƙin Turawa ya yi tsanani. Jiragen ruwa suka daina zuwa bakin teku. Ba kananzir, ba sukari, ba atamfa, sabulu ma sai wanda mata suka dafa da toka. Maganin wanke hoto shi ma ta jirgi yake zuwa, sai ya fara ƙarewa. Abin da zan faɗa yanzu daga baya na ji shi, don mazan da ba sa zama su gaya wa mace aikinsu. Farin maganin da ya saba da shi saura kaɗan. Basanagalen da ya koya masa aiki ya ba shi wani tsohon gwangwani na garin magani, irin wanda aka daina amfani da shi, ya ce wannan yana fito da hoto fiye da kowanne, amma ba ya wasa. In an dama shi ya sha iska sai ya yi duhu. Maigidana ya yi mako guda yana gwada shi a lakwal. Abin da na gani ni dai, faratansa sun koma baƙi ƙirin, ko da toka ba sa fita. Mahautan da yake cin abinci da su a ƙofar gida suka samu abin yi. "Ango, wa ya sa maka lalle?" "Ku bar shi, kitso ne ya rage." Na tambaye shi, ya ce, "Sabon magani ne, ƙarfi gare shi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A lokacin kuma daraktan lakwal, wani mutumin Dahome mai tabarau, ya ƙudura cewa yaran babban aji za su riƙa shiga ɗakin duhu biyar biyar, su ga yadda hoto ke fita, su tsoma takarda da hannunsu. Ya ce wa maigidana ya zaɓi maganin da za a ajiye a can. Darakta ya so a bar mai ƙarfin, tunda shi ne mai yawa. Maigidana ya ƙi. Ya ce yaro zai tsoma yatsa a tasa, ya fita ya ci gyaɗa da yatsan, kuma ba mai iya tsare yatsu hamsin a cikin duhu. Ya ce ɗan farin da ya rage a bar wa yara, shi kuma zai kai mai ƙarfin gida, ya riƙa yin babban aikin shi kaɗai ranar Alhamis. Darakta ya yaba masa. Ni ma har gobe ban ce ya yi kuskure ba. 'Ya'yan mutane ya duba. Ya auna garin a sikelin lakwal, ya dama kwalba guda, ya bar gwangwanin a ofishin darakta, ya taho da ita. Akwatinsa mai kwaɗo yana can da farin maganin. To ina zai ajiye wannan? Ya yanki takarda ya rubuta gargaɗi da ajami, rubutun da ya iya, ya manna da ƙaro. Sannan ya nemi wurin da ya fi ko'ina tsawo a ɗakin, inda hannun yarinya ba zai kai ba. Wurin nan kuwa shi ne kan katangar da yake rataye gafakarsa, jakar Alƙur'aninsa.

Kwana biyu ke nan yarinyar tana zazzaɓi. Iya ta ce masa tun ranar farko, "Ka biya wurin liman ya yi wa ƙawata rubutu." Ya ce to. Kin san rubutu, ko ku ma kun daina sha? Malam ya rubuta ayoyi a allo, a wanke tawadar da ruwa, a zuba a kwalba ko a ƙoƙo, baƙi-baƙi haka, mara lafiya ya sha. Da shi aka raine mu. Washegari da hantsi, ya riga ya tafi aiki, Iya ta fita, aka bar mini yarinyar tana kwance a tabarma jikinta kamar garwashi. Na shiga ɗaki in ɗauko zane, na ɗaga kai, sai ga kwalba. Baƙin ruwa a ciki. Haruffan Alƙur'ani a jikinta. Kusa da gafaka, inda ba a ajiye komai sai abu mai tsarki. Wallahi, 'yar nan, daɗi na ji. Na ce Allah sarki, ashe bai manta ba. Na yi alwala kafin in taɓa ta.

Bari in sha ruwa.

Na zuba a ƙaramin ludayi, na tashe ta zaune. Na ji warin bai yi kama da na tawada ba, amma na ce kowane malami da irin tawadarsa. Ban ɗanɗana ba. Na ga an yi don ita ne, kada in rage mata. Ta kurɓa ta ture hannuna, ta ce, "Yaya, ɗaci." Na ce, "Magani ne, sha." Ta rufe baki. Sai na yi abin da ake yi wa kowane yaro, abin da aka yi mini ni ma: na kwantar da ita a cinyata, na toshe mata hanci, da ta buɗe baki na ɗura. Na yi bisimilla. Ragowar da ke cikin ludayin na shafa mata a fuska da ƙirji.

Ba a daɗe ba na ji sallamar Iya. Ta shigo riƙe da ƙoƙo an rufe shi da faifai. Tana cewa, "Na san ɗan nan, in ba ni na je da ƙafata ba sai ƙawata ta yi furfura ba ta sha ba. Tashe ta." Na ce, "Iya, ai na ba ta." Ta ce, "Kin ba ta me?" Na ce, "Rubutun." Ta dubi ƙoƙon da ke hannunta, ta dube ni. "Liman ya ce ba wanda ya zo wurinsa." Na ɗauko kwalbar na miƙa mata. Ta sunsuna, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta tofar. Ta fita zaure da sauri, ni ina binta. A zauren akwai wani tsoho mai ɗinkin hula, muna ce masa Baba. Ya karɓa, ya matso da ita kusa da ido, ya nisantar, yana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya kamar ba zai gama ba. Sannan ya karanta a fili: "Guba ce. Kada kowa ya taɓa." Ya ɗago yana murmushi, don bai san komai ba, ya ce, "Ai kuwa ya kyauta da ya rubuta." A daidai nan muka ji amanta daga tsakar gida.

Abin da ya biyo baya ina ganinsa gutsi-gutsi. Mata sun cika gidan. Wata Bajula maƙwabciyarmu ta kawo manja, aka ɗura mata, ta yi ta amai ja da baƙi. Wata ta ce madara, wata ta ce gawayi. Na duba leɓɓanta na ga sun fara komawa kalar toka, haka ma faratanta. Iya ta ɗaga ta ta ɗora mini a baya da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaure zanen tamau, ta cusa mini kwalbar a hannu. "Ki kai wa mijinki. Shi ya san abin da ya zuba a ciki, shi zai gaya wa likita. Ina bayanku. Kada ki tsaya ko wa ya kira ki." Na fita ba takalmi.

Yau in kun shiga mota kuna ƙorafin cunkoso. Ni da ƙafa na yi ta. Wani mai amalanke da ya sauke buhunan goro ya ga yadda nake gudu, ya ce in hau, ya tura mu har bakin Filato, ya ce daga nan ba ya wucewa. Ban san sunansa ba, kullum ina sa shi a addu'a. Na ratsa unguwar Turawa, wadda ban taɓa shiga ni kaɗai ba, karnuka suna haushi ta bayan shinge, wani ɗan sanda yana daka mini tsawa da harshen da ban ji ba. Ba su nake tsoro ba. Abin da nake saurare numfashinta ne a wuyana. Da farko tana nishi, tana cewa cikinta. Daga baya ta yi shiru, kanta yana lilo, yana bugun kafaɗata duk takun da na yi. Sai in girgiza ta, in ji ɗan motsi, in ƙara gudu.

Gadar wancan lokaci a kan ruwa take kwance, bisa wasu manyan kwale-kwalen ƙarfe, tana motsi in ka taka. Akan janye tsakiyarta don jirage su wuce. Da na iso, a janye take. Mutane sun yi cincirindo da kaya a ka, suna hira, suna jira, wani jirgi mai jan gumagumai yana tafe kamar ba ya so. Ga Treichville can ina hangowa, ga ruwa tsakani. Na sauko da ita in duba. Idanunta a buɗe kaɗan, ba ta kallon komai. A nan ne na kira sunanta. Ni da ban taɓa furta shi ba, na yi ta ƙwala shi a gaban ƙattin da ban sani ba, ina jijjiga ta. Wata mai kifi ta ajiye tirenta, ta ja ni da hannu zuwa gangare, ta yi wa wani masunci magana da faɗa-faɗa. Ya saka mu a kwalekwalensa. Ina tsoron ruwan nan tun ranar da na fara ganinsa, amma ran nan ban ma san na hau shi ba. Kwalbar kawai na sani, na matse ta a hammata kada ta faɗa.

Na tambayi hanya har na samu lakwal. Yara suna cikin aji suna maimaita karatu da murya ɗaya. Mai gadi ya nuna mini ɗakin, na buga ƙofar da hannu biyu. Daga ciki ya ce, "Kada a buɗe! Saura kaɗan!" Hotunan masu jarrabawa ne duka a cikin ruwa. Sai sunan nan na sake kira. Ya san ba na faɗinsa. Ƙofar ta buɗe nan take, haske ya shiga, aikin duk ya ƙone, ko waiwaya bai yi ba. Ya dubi bayana, ya dubi kwalbar. "Nawa ta sha?" Na ce, "Ludayi." "Babba ko ƙarami?" "Ƙarami. Ta yi amai." Ya dafa bango. Darakta ya fito, ya ɗauko tsohon gwangwanin, ya kwafe sunan maganin a takarda, ya ce mu ruga asibiti, ba nisa.

Likitan baƙar fata ne, dogo, yana jin Jula, maigidana yana fassara mini. Ya karanta takardar ya yi tsaki. Suka zura mata roba ta baki suka wanke cikin, ina jin kakarinta ta bayan ƙofa. Da ya fito ya ce abin da ya iya ya yi. Ya ce wannan maganin jini yake ɓatawa, sannan ya sauka a ƙoda. "Ku duba fitsarinta. In yana zuwa, yana washewa, za ta tashi. In ya tsaya," sai ya ɗaga kafaɗa. Ya ba mu wata farar tasa. Da la'asar ta yi ɗan kaɗan, baƙi kamar gahawa. Daga shi ba ta ƙara ba.

Iya ta iso da yamma, ƙafafunta sun kumbura. Ta zauna bakin gadon ta daɗe tana kallon ƙawarta. Sannan ta kira mu waje, baranda, ta dube ni. "Ina so in ji abu ɗaya. Wa ya ce miki rubutu ne?" Na buɗe baki. Na san abin da zai biyo bayan amsata, jirgin da ya kawo ni shi zai mayar da ni, kuma ko yarinyar ta tashi ba zan ƙara ganinta ba. Kafin in yi magana ya ce, "Ni ne, Iya. Da zan fita ta tambaye ni ko na karɓo, hankalina yana wurin aiki, na ce yana kan katanga." Ƙarya ce. Ina barci ya fita. Iya ta ce, "Kai? Da bakinka?" Ya ce, "Ni." Ta ce, "Ka tsare 'ya'yan wasu, ka kawo wa taka. To ka ji. In ƙawata ta tafi, kada ka zo inda nake, ko gawata kada ka ɗauka." Ya sunkuyar da kai. Ni ina tsaye, ban ce uffan ba. Allah ya gani, ban ce uffan ba.

Kwana biyu cur tasar nan a bushe. Ban taɓa sanin mutum zai iya zuba wa tasa ido haka ba. Muna ba ta ruwa da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo. Fuskarta ta kumbura, idanun suka yi rawaya. Duk wanda ya wuce da farar riga sai in miƙe, shi kuma ya leƙa tasar ya wuce. A gadon kusa da mu wani yaro ya cika, aka naɗe shi a tabarma, uwarsa ta bi bayansu tana riƙe da ɗan kwanonsa, na kawar da kai don kada in ga hanyar da suka bi. Maigidana yana baranda, Iya ta hana shi shiga. In na fita ɗebo ruwa sai ya ɗago ya dube ni, in girgiza kai, ya koma ga carbinsa. Ko sau ɗaya bai tambaye ni me ya sa ba.

Rana ta uku bayan azahar ta fara mutsu-mutsu, tana miƙo hannu. Iya ta matso, ta ture ta. Ta ce, "Yaya." Na dubi Iya. Iya ta ce, "Ɗauke ta mana, kunyar me ta rage?" Na ɗora ta a cinyata, na rungume ta a gaban uwar mijina. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna nan zaune, ina jin bugun zuciyarta kamar na tsuntsu, ina cewa a raina ko sallama ce take yi mini. Sai na ji ɗumi a cinyata. Ɗumin yana yaɗuwa, yana gangarawa ta ƙafata. Na ƙi motsi, na ƙi numfashi, kada in tsayar da shi. Na ce a hankali, "Iya." Ta duba, ta ga zanena, ta zabura ta tara tasar a ƙasa tana cewa, "Kada ki motsa! Kada ki motsa, don Allah!" Yana ɗiga, muna jin ƙararsa a tasa. Ta ruga da shi wurin likita da hannu biyu, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ya ɗaga ya duba, ya ce ya fi na farko haske, a ci gaba da ba ta ruwa. Iya ta dawo ta tsaya bakin ƙofa, ba ta dubi ɗanta ba, ta ce, "Kai, tashi ka shigo. Ƙawata ta ɓata wa matarka zane."

Ta tashi. Ta girma, ta yi aure a can Treichville, ta haifi bakwai. Shi kuma bai ƙara dama baƙin maganin ba, ya haƙa rami mai zurfi ya binne gwangwanin, ya jira har jirage suka dawo. Amma maganar da ya faɗa a baranda bai taɓa janye ta ba. Iya ta rasu tana ganin shi ne mai laifin. Yarinyar ta tashi tana ji ana cewa babanta ya kusa kashe ta, har takan tsokane shi da ita in ya miƙo mata shayi, shi kuma ya yi dariya. Sau da yawa na ce zan faɗa, ya ce, "Wa zai amfana?" Na binne shi. Bara na binne 'yar tawa. Duk wanda ya tsaya a barandar nan ya tafi, saura ni.

To rubuta, da manyan baƙi yadda kowa zai iya karantawa. Ran nan da zai fita bai ce mini komai ba. Ni na gani, ni na ɗauko, ni na toshe mata hanci.